Kowa Injiniya Ne a Gaban Firiza

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a ƙasar Kabi, babu kadarar da ta kai firiza daraja a shago. Daga Jega zuwa Aliero, daga Maiyama zuwa Kuberi, mai ruwan leda da mai zoɓo da mai kifin ƙanƙara duk abincinsu na cikin farin akwatin nan. Azumin 2024 da na 2025 sun faɗo cikin Maris, kuma kowa ya ga yadda ake gaida mai injin ƙanƙara da hannu biyu bayan la'asar.

Aikin firiza ba tsafi ba ne. Kwamfiresa ya matse gas ya tura shi kwandensa, bututun nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke zubar da zafi a iska. Gas ya zama ruwa, ya kutsa ta wani siririn bututu, ya faɗa bututun ciki ya sake zama iska yana zuƙe zafin kayan da aka zuba, sannan ya koma inda ya fito. Duk wata cuta a cikin wannan zagaye take. To amma ranar da sanyi ya ɗauke, ba na'urar ce abin kallo ba, mutanen da ke kewaye da ita ne.

Na ɗaya: Malam Gas-Ya-Ƙare. Wannan tun bai sauko daga babur ba ya gama bincike. Ko filogi ne ya zame, ko ɓera ne ya ci waya, amsarsa ɗaya ce. Alhali gas ba fetur ba ne da ake ƙonawa. A rufe yake yana zagaye, kuma in ya ragu to akwai inda yake zurarewa. Alamar ba ta ɓuya: danshin mai a mahaɗar bututu, wanda in ka shafa ruwan sabulu za ka ga kumfa na tasowa. Malam ya san haka sarai, amma ba zai nemi ramin ba, don ramin nan shi ne albashinsa, bayan mako uku za a sake kiransa. A jikin kwamfiresa an rubuta irin gas ɗin da yake ci, ko R134a ko R600a, kuma na biyun yana kama wuta. In ka nuna masa rubutun sai ya ce, "Alhaji, gas ai gas na." Har yau yana kewar R12, wanda aka yi watsi da shi bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda ɓarnar da yake wa sararin sama. In ya ɗura ya wuce kima har farin ƙanƙara ya biyo bututu zuwa bakin kwamfiresa, sai ya kira mai shago da murna: "Zo ka ga sanyi har waje!"

Na biyu: Mai Sanar da Rasuwa. Shi yakan durƙusa ya kasa kunne. Kwamfiresa ya yi gurnani na 'yan daƙiƙu, sai a ji "ƙas", ya yi shiru. Sai ya miƙe ya cire hula ya ce, "Sai haƙuri, ya ƙone." Sau da yawa kuwa wannan "ƙas" ɗin ɗan abin kariya ne ya yanke wuta don kada injin ya ƙone ɗin. Dalilin bai wuce rele ko kafasita da ta mutu ba, ko wutar da ya kamata ta zo volt 230 ta zo a gajiye, ba ta da ƙarfin tayar da shi. Mita kaɗai za a sa a gane, amma mitarsa kullum batirinta ya mutu. Bayan an sayo sabo, yakan yi maka alheri ya tafi da gawar "don kada ta tare maka wuri". Mako mai zuwa mamacin zai farfaɗo a wani shago a gari na gaba, an fesa masa baƙin fenti, an raɗa masa suna ɗan Beljiyam.

Na uku: Yaro Mai Wuƙa. Ƙanƙara ta yi kauri a bangon firiza, kuma gaskiya ne tana tare sanyi. Maganinta a kashe, a kwashe kaya, a bar murfi buɗe ta narke. Yaro ba shi da wannan haƙurin. Ya ɗauko wuƙar yanka kifi ya hau sara, sai ya ji "fsss". Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya rufe murfin a hankali, kuma ranar shi ne a sahun farko tun ba a kira sallah ba. Ɓarnar ba ta tsaya ga gas ɗin da ya fita ba, ruwa ma ya shiga. In aka liƙe ramin ba a canja direya mai tsotse danshi ba, ba a zuƙe danshin da injin bakum ba, ɗigon ruwan zai riƙa daskarewa a siririn bututu. Sai firiza ta yi sanyi na ɗan lokaci ta tsaya, in an kashe ta ta huta sai ta dawo. Daga nan ake fara cewa akwai iska a lamarin. In aka tambayi yaro kuwa: "Wallahi, Baba, ba wanda yat taɓa ta."

Na huɗu: Hajiya Mai Zoɓo. Tana sauke tukunya, tana ƙullawa, tana zubawa da zafinsa. Ta cika firiza fam har murfi ya ƙi zama, sai ta ɗora turmi a kai. Robar murfin ta daɗe da tsagewa; in ka maƙala takardar naira ɗari ka rufe ka ja, sai ta zaro ba gardama. Jikoki shida kowa na buɗewa ya ga ko ya yi ƙanƙara. Ta murɗa makunnin sanyi har ƙarshe, kwamfiresa na aiki dare da rana ba hutu. Sannan ta buga waya: "Injiniya, wagga firiza ba ta da albarka, ta maƙwabciyata ta fi ta nesa." Ba ta faɗa masa cewa maƙwabciyar tana barin zoɓonta ya huce tukuna ba.

Na biyar: Sarkin Canja Layi. Wuta na ɗaukewa ya zabura ya ja janareta, kafin ka ƙifta ido ya juya layi. Kwamfiresa kuwa yana bukatar minti uku zuwa biyar ƙarfin gas ya daidaita kafin ya sake tashi, kuma wutar da yake ja a lokacin tashi ta ninka ta lokacin aiki sau da yawa. Shi ya sa ƙaramin janaretansa ke tari yana shaƙewa. Filogin ya karye tun bara, don haka tsirarar waya yake cusawa a soket ya tokare da tsinken ashana. Shi ne kuma zai kwantar da firji a saman buhunan albasa daga Aliero, a sha gargada har Jega, ana saukewa ya jona, ba ya jira man injin da ya malala cikin bututu ya koma mazauninsa. In ka ce ya sayi sitabilaiza, sai ya ce tsada. Kwamfiresa uku ya saya a shekara biyu.

Na shida: Mai Zargin Baki. Injin ƙanƙara gare shi, irin mai tankin ruwan gishiri da ake jera gwangwanaye a ciki. Sirrin sana'ar gishiri ne: in ya ji sosai, ruwan kan kai kusan digiri 21 ƙasa da sifiri bai daskare ba, shi ne ke iya daskarar da abin da ke cikin gwangwani. Mutumin nan kullum yana ƙara ruwa, gishiri kuwa sai a hankali. Ruwan tanki ya tsinke, ya daskare a jikin bututu, ƙanƙararsa ta riƙa fitowa da ruwa a ciki. Nan take ya tuna cewa wani ya leƙo shekaranjiya ya yaba injin bai ce tubarkalla ba. An yi hayaƙi, an yi tofi, an daina gaisawa da maƙwabci. Addu'a ba ta da laifi, amma da ya haɗa ta da buhun gishiri da tuni an wuce wurin.

Na bakwai: Alhaji Jiya-Lau-Take. Ya manna firiza da bango a ƙarƙashin rufin kwano, ya jibga katan a bakin tagar da iska ke fita. Ƙurar hunturu tun ta Disamba ta haɗu da yana da gashin kaza ta toshe kwandensa, fankar ma da ƙyar take juyawa. Zafi ba ya fita, to ina sanyi zai shiga? Mai gyara na gari ya zo ya jawo ta daga bango, ya sa buroshi ya share, ya gyara fankar, kafin magariba ruwa ya fara sanyi. Ya miƙa hannu. Sai Alhaji ya ce, "To mi kas sa mata? Shara fa kay yi. Ga na mai." Mai gyaran nan zai koma gida ya yi lissafi. Gobe in an kira shi wani shagon, zai tafi da tukunyar gas ko ana bukata ko ba a bukata. Na ɗaya da na biyu duk a hannun Alhaji suka yi karatu.

Na takwas: Baba Mai Tambaya. Shi ne wanda ake kira bayan sauran sun gama ɓarna. Irin aikin masu ɗorin Aliero yake yi, waɗanda ba sa ɗaura kara sai sun lalubo inda ƙashi ya karye. Zai fara da baki: yaushe ta fara, wa ya taɓa ta, me aka zuba? Sannan ya auna wutar soket. Ya duba ƙura da fanka da robar murfi. Ya dafa kwandensa: in da ɗumi daga sama yana raguwa zuwa ƙasa, gas na zagayawa, in inji na aiki amma bututun sanyi ƙalau, sai a fara tunanin yoyo ko toshewa ko kwamfiresan da ya daina matse gas. Ya gwada rele da kafasita, ya maƙala mita ya ga abin da inji ke ja. Sai bayan duk wannan yake kwance gejin auna gas. In zai gwada yoyo da matsi, naitirojin yake sawa, don iskar walda in ta haɗu da man inji tana iya tarwatsa shagon. Daga mai araha yake farawa, mai tsada ne na ƙarshe. Aibinsa guda ne: in ya ce maka "ga ni nan tafe" ranar Litinin, ka fara rage kuɗin kifinka tun ranar, don sai Alhamis za ka gan shi. Layi ne a kansa, kuma rabin masu jiransa suna bin bayansa da gorin cewa ya cika tsada.

Matsalar kenan. Mun saba biyan abin da ido ya gani an ɗaura, ba mu saba biyan wanda ya gano cutar ba. A yankin da ke da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2006, ba a rasa samarin da za su iya karanta mita. Abin da aka rasa shi ne mai shagon da zai ji an ce "ƙura ce kawai" ya yi hamdala ya biya kuɗin dubawa cikakke. Muddin ba a samu irinsa ba, gas zai ci gaba da ƙarewa duk bayan mako uku.