Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hajiya Biza ta Gidan Shengen

Hajiya, ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da ƙasashen gidanku duka 29. Yaya sanyi? Mu nan lafiya lau, sai zafi da tsadar kaya. Dalilin rubuto miki shi ne ba a barin mutum ya gan ki ido da ido. A bakin taga ake karɓar takardu, a ɗauki zanen yatsu goma, a ce je ka ka jira kwana 15, in abin ya yi tsawo 45. To, tunda takarda kike so, ga wata ki ɗora a kan tulin.

Bari in fara da hoto. Kin ce faɗinsa milimita 35, tsawonsa 45, fuska ta cinye kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, bango mai haske, kuma kada ya wuce wata shida da ɗauka. Ban yi musu ba. Amma da kika hana murmushi, wa kika yi shawara da shi? A garinmu duk wanda ya zo neman alfarma ya ɗaure fuska, cewa ake yi ba shi da tarbiyya. Ki zo ki ga yadda ake yi a shagon mai hoto. Farin ƙyalle ne rataye da ƙusa biyu, yaron shago ya danne gefensa saboda fanka. Sai ka ji, "Alhaji, a cire hula." Dattijo mai jikoki, wanda rabon da a ga tsakiyar kansa tun yana makarantar allo, ya tuɓe zanna bukar ya riƙe a cinya, walƙiyar kyamara ta sauka a kan sanƙo ta dawo. "A ɗago haɓa. A'a, a sauke kaɗan. Kada a ƙifta." Da na kai wa mahaifiyata nawa hoton, ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaya laifin me wannan bawan Allah ya yi.

Gaskiya ɗaya, kin kyauta wa mata, kin bar su da hijabinsu muddin fuska ta fito daga haɓa zuwa goshi. Sai dai ku shirya kanku ke da takwararki ta Amurka. Ita inci biyu take so ta kowane gefe, kuma tun 2016 ta hana tabarau. Fuska ɗaya Allah ya ba mutum, amma kowace da ma'auninta.

Sai batun suna. Kina so abin da ke fasfo ya yi daidai da na takardar haihuwa, da na banki, da na wurin aiki, harafi da harafi. Hajiya, ranar suna liman cewa ya yi Muhammadu. Malamin firamare ya rubuta Mohammed, yaron banki yana sauri ya rubuta Muh'd, a makarantar kwana kuma da muka yi yawa a aji aka liƙa wa kowa sunan garinsu. Ranar haihuwa ma haka. Tsohuwa ta ce da damina ne, shekarar da aka kashe Murtala, wato 1976. Hedimasta ya ga damina ba ta da gurbi a rajista, ya rubuta 1 ga Janairu, kamar yadda ya rubuta wa na gabana da na bayana. Saboda ke na shiga kotu na sha rantsuwa cewa ni ne ni, aka buga hatimi, na biya kuɗi.

Inda muka fi saɓawa da ke shi ne takardar banki. Kina son ganin shige da ficen kuɗin mutum na watanni a jere, komai a tsare, albashi ya faɗo ƙarshen wata, a ci shi a hankali. Wannan rayuwar ma'aikaci ce. Ɗan kasuwar Dawanau fa? Arzikinsa buhunan riɗi da zoɓorodo ne a sito. Na Kantin Kwari nasa dilar atamfa ce, da bashin da yake bin abokan ciniki daga Maraɗi har Anjamena, ba rasiɗi, sai amana. Wata kuma dukiyarta tana adashi da gwal a ƙasan akwati. In mutum ya bar asusunsa yadda yake, ki ce kuɗin bai isa ba. In ya sayar da bijimai biyu ya zuba, ki ɗaga gira ki ce wannan tulin daga ina, aro ne? To yaya kike so a yi? A kawo bijimin bakin taga?

Tikitin jirgi kuwa, kin ce a nuna shi, amma an gargaɗe mu kada a saya sai kin amince. Haka ɗakin otal. Da wannan dabarar kin samar wa dillalai sana'a, Allah ya saka.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne inshora. Kin ce dole ta kai Yuro 30,000, ta ɗauki kuɗin asibiti, har da na dawo da gawa in ta Allah ta kasance. Ba ki yarda in shigo da raina ba tukuna, amma kin gama shirin yadda za a mayar da ni in na rasa shi. Irin wannan tanadi ko a dangi sai an tona.

Na fahimci duk wannan tulin tambaya ɗaya yake yi, wato zan dawo gida? Kina neman hujjar abin da ya ɗaure ni a nan, a takarda, da hatimi. Abin da ya ɗaure ni tsohuwa ce da ba ta barci sai ta ji shigowata. Akwai bikin 'yar ƙanena bayan Sallah, ni ne waliyyi. Akwai majalisar ƙofar gida, inda in na yi kwana biyu ban zo ba ake aiko yaro. Ba ofishin da ke ba da shaidar waɗannan. Kuma wa ya gaya miki zan iya zama a garin da rana ke faɗuwa ƙarfe huɗu da hunturu, ba tuwo, ba mai tsayawa ya tambaye ka ina gajiya?

Mu fa matafiya ne tun kafin a haife ki. Kakanninmu sun kora jakuna har Salaga a ƙasar Gwanja sun ɗauko goro, wasu sun taka da ƙafa ta Chadi da Sudan har Makka, ba hoto, ba inshora. Na san abin da za ki ce, cewa da yawansu ba su dawo ba, ga zangon Kumasi, ga Mai Wurno a bakin kogin Nilu. To, wannan maganar mu bar ta, kada ki sa ta a fayil ɗina. Ni dai na san naki asalin. A 1985 ƙasashe biyar suka sa hannu a cikin jirgin ruwa, a kusa da wani ɗan ƙauye a Lukzambur, don a daina tsayar da mutane a kan iyaka. Wato ke 'yar buɗe ƙofa ce, sai ga shi mu a bakin ƙofa muka san ki.

Saura maganar kuɗi. Tun watan Yunin 2024 kika tashi daga Yuro 80 zuwa 90, ban da ladan masu karɓar takardu, ban da kuɗin mota zuwa Abuja ko Legas da kwanan gidan 'yan uwa. Ki lissafa wannan da Naira ki ji. A al'adarmu in mutum ya kai kayan neman aure aka ce an yi wa yarinya miji, ana mayar masa da kayansa, har a haɗa da ban haƙuri. Ke kuwa sai ki riƙe kayan, ki aiko da takarda mai akwatuna, an yi wa ɗaya alama, wai ba a gamsu da niyyarka ta komawa gida ba. Ki kuma ce ƙofa a buɗe take, a sake nema, a sake biya.

Roƙona bai da yawa. In za ki ba ni, ki ba ni kafin taron da zan je ya watse. In kuma ba za ki bayar ba, don girman Allah ki dawo min da ko rabin kuɗin, in ya so ki riƙe hotunan, ba mai nemansu a gida.

A gaida mutanen gida.

Naki mai biyayya,
Muhammadu, ko Mohammed, ko Muh'd, duk wanda ya yi daidai da fayil ɗinki.