Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kalmar "Cabinet"

Zuwa ga Uwargida Cabinet, ta hannun ƙamusun Turanci.

Wannan takarda koke ce kan yawan abokan tafiyar Uwargida. Asalinta Bafaransa ce, ma'anarta ƙaramin ɗaki. A ƙarni na 17 sarakunan Ingila kan keɓe da amintattunsu a irin wannan ɗaki, sai sunan ɗakin ya bi mutanen. Tun daga nan ta zama mai gida biyu: kabad na ajiyar kaya da majalisar ministoci.

A gidan farko babu rigima. "Filing cabinet" yana riƙe da takardun ofis, "medicine cabinet" yana riƙe da magunguna. "Cabinet maker" kuwa kafinta ne, ba shugaban da ke naɗa ministoci ba, ko da yake duk su biyun sun san darajar kujera.

A gida na biyu ƙura take tashi. "Cabinet reshuffle" shi ne garambawul, kuma Firayim Ministan Birtaniya Harold Macmillan ya nuna iyakarsa a watan Yulin 1962, da ya sallami ministoci bakwai a tashi ɗaya. "Shadow cabinet" majalisar 'yan adawar Birtaniya ce: kowane minista yana da mai bin sawunsa, mai muƙami amma babu ma'aikata. "War cabinet" ta lokacin yaƙi ce. Wadda Firayim Ministan Birtaniya Lloyd George ya kafa a 1916 mutum biyar ce kacal, shaida cewa idan wuta ta kama, taro raguwa yake.

Babban laifin yana wuyan "kitchen cabinet". A bakin kafinta, kabad ne na tukwane da kwanoni. A bakin ɗan siyasa, 'yan gaban goshi ne marasa muƙami waɗanda maganarsu ta fi ta minista shiga kunne. Abokan hamayyar Shugaba Andrew Jackson na Amurka, wanda ya hau mulki a 1829, su suka laƙaba wa mashawartansa na bayan fage wannan suna.

Saboda haka ana roƙon Uwargida, duk inda ta fito tare da "kitchen", ta riƙa fayyace wanne take nufi: wanda ake ajiye abinci a cikinsa, ko waɗanda ke cin abincin.

Wassalam.

Daga ɗaliban Turanci.