Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Dutsen Tubkal Na Ƙasar Maroko

Ranka ya daɗe, Sarkin Duwatsun Arewacin Afirka,

Bayan gaisuwa irin ta girma, da fatan kana lafiya, kai da sauran duwatsun Atlas. Ni ne Bakanon nan mai tumbi da ya riƙa zama a kan kowane falalenka yana cewa hoto yake ɗauka. Na san baƙinka ba sa ƙirguwa, amma ba na jin ka manta da ni, domin har alfadaran yankinka sun haddace nishina.

Ƙara na kawo, kuma kai nake ƙara. Na zo ƙasarku da girmana na maigida, na baro shi a wajenka, har yau ba ka aiko min da shi ba.

Da farko dai komai lafiya lau. Kwana huɗu muka yi a Marrakish, ni da uwargida da yara uku. Muka tsaya ƙarƙashin hasumiyar masallacin Kutubiyya, wadda take tsaye tun ƙarni na 12, har hulata ta faɗi garin ɗaga kai. Muka shiga majemar garin, kowa da ganyen na'a-na'a a hanci saboda wari. A can na yi wa yara lacca cewa wani kaso na fatar da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, ta jajayen awakin Sakkwato ce da ayari ke ƙetarewa da ita ta Sahara. Suka saurara da ladabi. A lokacin magana tawa ce.

Sai kuma abinci. Ranka ya daɗe, da magariba dandalin Jama'ul Fana hayaƙin gashi ne da kiɗa da masu wasa da macizai. Na sha harira, na ci tajin da kuskus, na kuma haɗu da tanjiya: nama a tulun ƙasa da man shanu da lemon tsami mai gishiri, a rufe baki a binne cikin tokar murhun gidan wanka, ya yi sa'o'i yana nuna. In ka taɓa shi da burodi sai ya rabu da ƙashi ba gardama. Tulu biyu na ga bayansu. Ban san bashi nake ci ba, kuma kai ne mai karɓa.

Wata safiya da gari ya yi wasai aka nuna mana kai daga saman bene. Uwargida ta ce, "Alhaji, ka ga dutsen da za mu hau." Na ce ai wanda ya hau Dala da Gwauron Dutse a yini ɗaya, wane dutse ne zai ba shi tsoro? Ashe hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Daga ƙauyen Imlil muka fara, wajen mita 1,700 sama da teku, cikin inuwar bishiyoyi da ƙarar ruwa. Ɗan jagoranmu Ba'amazige ne, siriri kamar sillen kara, bai san wani abu wai shi haki ba. Ya ɗora kayanmu a kan alfadari ya ce mu tafi a sannu. Kafin azahar muka iso Sidi Shamharush, inda wani ƙaton dutse yake shafe da farin fenti. Da aka ce mutanen yankin na kiran wurin fadar sarkin aljanu, sai na yi a'uziyya na ƙara mai. Wannan ne karo ɗaya tilo da na wuce kowa a tafiyar nan.

Daga nan ka fara nuna halinka. In na hango kwana na ce shi ne na ƙarshe, sai ka fito da wani. Autarmu, 'yar shekara 12, ta riƙa yin gaba tana dawowa da ruwan lemon da masu shaguna ke sanyayawa da ruwan ƙorama, tana cewa, "Sannu Abba, saura kaɗan." Ƙarya ce, kuma ni na koya mata ita, don haka nake ce musu a hanyar Kaduna.

Masaukin da ke wajen mita 3,200 gadaje ne hawa-hawa, Bajamushe na minshari a sama, Bakano na tuba a ƙasa. Ruwan alwalarka kuwa, ban san ana iya yin ruwa mai cizo ba sai ranar. Tun kafin asuba aka tashe mu, kowa da tocila a goshi, muka shiga tsakuwar nan taka: taku uku gaba, biyu baya. Jagora ya ce a can sama abin da mutum ke samu a numfashi guda bai wuce kashi uku cikin biyar na abin da yake samu a bakin teku ba. Ranka ya daɗe, ko ɗan kasuwar da ke tauye mudu bai kai ka ba.

A nan ne uwargida, wadda ke kukan gwiwa in za ta hau benenmu, ta karɓi jakata ta rataya, ta kama hannuna. Babban ɗana, wanda a gida ba ya ɗaga kai daga waya, ya tsaya bayana yana tura ni, yana ba ni labaran makarantarsu da ban taɓa ji ba. Haka suka kai ni kanka, mita 4,167, gindin ƙarfen nan mai siffar dala. Rana ta fito, duwatsu sun jeru kamar raƙuma a durƙushe. Na yi shiru. Yara sun ce ƙwalla na yi. Ni dai na ce iska ce.

Ban manta da jaje ba. Mun ga tsagaggun gidaje a ƙauyukanka, tabon girgizar ƙasar Satumbar 2023, kuma masu gidajen suka shayar da mu shayi kamar ba abin da ya same su. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Yanzu ga halin da ka bar ni. Mako guda a zaune nake salla. In na yi tsawa a gida, sai auta ta ce, "Sannu Abba, saura kaɗan," kowa ya fashe da dariya, har ni. Girman nan in ya yi maka amfani ka riƙe, na ga gidan ya fi daɗi ba shi.

Alfarma ɗaya nake nema. Na ji uwargida na tambayar kuɗin jirgin Tanzaniya. Don Allah ka aika wa yayanka Kilimanjaro, mai mita 5,895, ka ce masa in ya ji ana sallama da sunana, ya ce ba ya nan.

Naka mai biyayya,
Maigidan da aka tura ta baya.