Farashin Majalisa da Farashin Takarda

A wata tsohuwar unguwar ma'aikata a Kaduna akwai wani bawan Allah, mu kira shi Alhaji Wane, wanda ya gaji abu uku daga mahaifinsa: gida, mota da direba. Gidan ya rushe shi ya ɗora bene. Motar da direban kuwa ya bar su yadda ya same su, kuma da su yake tinƙaho a gari.

Motar Fijo 504 ce fara sol, marigayin ya saye ta sabuwa dal a 1978, shekara uku bayan an fara haɗa Fijo a Kakuri. A wancan zamani in irinta ta tsaya a ƙofar gida, an san ko babban sakatare ne ya zo, ko alƙali. Sa'o'inta tuni suka gama kabu-kabu tsakanin Kaduna da Kano, suka ƙare a hannun 'yan gwangwan. Ita ko tana nan da fentinta na asali, kujerunta ba yagewa, har agogon da ke gaban sitiyari yana tafiya daidai.

Ba wani asiri aka yi mata ba, Baba Direba ne. Tun yana saurayi ya riƙe makullinta, shi ya riƙa kai Alhaji makarantar firamare a cikinta. Kullum bayan asuba zai tayar da ita ta yi ɗumi, ya duba ruwan lagireto, ya auna baƙin mai, ya goge ta da tsumman da ba ya bari kowa ya taɓa. In wani abu ya lalace, ya san lungun da zai shiga a Panteka, in babu ya hau mota har Ƙofar Ruwa a Kano ya tono na asali. Kowane rasit, tun daga na filogi har na taya, yana nan a wani tsohon gwangwanin alewa a ƙarƙashin gadonsa. Alhaji ba ya kiransa da komai sai "Baba", kuma a gaban baƙi yakan dafa kafaɗarsa ya ce, "Wannan amanar marigayi ce, uba ne a wurina, ba shi da farashi." Albashin Baba dai na nan inda yake tun kafin a cire tallafin mai a 2023. Kuɗin komai ya tashi a garin ban da nasa.

Bayan isha'i akan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan, a buɗe gareji don iska ta sha motar, a kafa majalisa. Alhaji ya haddace tarihinta kamar karatun allo.

"Kun san a 1968 Faransa ta fito da ita, shekarar da ta biyo aka ba ta lambar motar shekara a Turai baki ɗaya? A 1975 ita ta ci gasar Safari a Kenya, a hanyoyin da suka fi namu muni. A Ingila fa, motar da ta haura shekara 40 ko harajin hanya ba a karɓa a kanta, girmama ta ake yi."

Duk wannan gaskiya ne. Abin da ba a iya tabbatarwa shi ne tayi. Ranar Litinin wani mutumin Abuja ya taya miliyan goma Alhaji ya ce albarka. Kafin Alhamis tayin ya zama sha biyar. Bayan sallar Juma'a kuwa, in majalisa ta cika, ba ya sauka ƙasa da miliyan ashirin.

Da 'yan sanda suka fara matsa wa masu mota kan takardar inshora a watan Fabrairun 2025, Alhaji ya aika aka kira masa ɗan ƙanwarsa, wani matashi da ke aiki a ofishin dillalan inshora. Yaron ya zo da jakarsa, ya durƙusa ya gaida kawunsa, ya gaida Baba Direba, sannan ya zagaya motar yana kaɗa kai.

"Kawu, wace iri kake so? Akwai ƙaramar, wadda doka ta wajabta tun 1945. Daga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara. Ita wannan ba motarka take karewa ba, mutumin da ka yi wa ɓarna take biya, har zuwa naira miliyan uku in dukiyarsa ce ta lalace. Taka ko ta ƙone ƙurmus ba ka da ko sisi. Sannan a kiyayi ta bakin tasha, da yawa takarda ce kawai, in an duba lambar motar a rumbun bayanan kamfanonin inshora ba za a gan ta ba."

"Ni da nake da motar miliyan ashirin za ka kawo wa ta 'yan tasi? Kawo babbar."

"To akwai cikakkiya, mai ɗauke da hatsari, gobara da sata. Amma ita ma ga tsohuwar mota tana da tarko. Kamfani kuɗin kasuwa yake biya a ranar asara, kuma a lissafinsa kowace shekara mota raguwa take yi. Motar 1978 a littafinsu kusan kuɗin ƙarfe ce. Shi ya sa a Turai da Amurka masu irin wannan mota suke yin wata yarjejeniya dabam. Akwai ma kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin Hagerty na Amurka, wanda ya fara da tsofaffin jiragen ruwa na katako a 1984 kafin ya shiga motoci. Injiniya zai zo ya duba mota ciki da waje, a ɗauki hotuna, a tattara rasit, ku daidaita a kan ƙima ɗaya ku sa hannu. Ranar da ta salwanta wannan kuɗin za a ba ka, ba ciniki. Sharuɗɗansu su ne ta kwana a gareji mai makulli, kada ta wuce tafiyar da aka ƙayyade a shekara, kada a yi haya da ita, kuma ya zama kana da wata motar ta zirga-zirgar yau da kullum. Duk ka cika su, Kawu. Ka ba ni mako biyu in nemo kamfanin da zai yarda ya rubuta mana haka."

Baba Direba, da ke tsaye a gefe, ya sulale ya dawo rungume da gwangwaninsa. Yaron ya buɗe, ya ɗaga rasit ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Baba, wannan ai shi ne rabin kuɗin motar."

Alhaji ya gyara zama ya ce, "Nawa zan riƙa biya?"

"Ƙa'idar hukuma ita ce kada cikakkiyar inshora ta gaza kashi biyar cikin ɗari na ƙimar da aka rubuta. In miliyan ashirin ce, miliyan ɗaya ke nan a shekara."

Nan take Alhaji ya tuna da addini. Ya ce shi dama zuciyarsa ba ta kwanta da harkar inshora ba, ya ji malamai na cewa akwai riba da caca a ciki. Yaron ya ce wannan ba matsala ba ce, tun 2013 hukuma ta fitar da ƙa'idojin takaful, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu ɗaya don tallafa wa wanda asara ta faɗa wa, malamai na sa ido, in an samu rara a raba. Alhaji ya tambaya ko a can ɗin kyauta ne. Da ya ji ita ma gwargwadon ƙimar mota ake zubawa, sai maganar malamai ta tsaya a nan.

Ya juya ya ƙare wa motar kallo kamar yau ya fara ganinta.

"Kai yaro, tsakani da Allah, wannan akwalar wa zai ba ka miliyan ashirin? Motar da ta girmi uwarka a ɗakin miji? Rubuta miliyan ɗaya. Baba, mayar da takardun nan, kada su sa a tsauwala mana."

"Kawu, abin da ka rubuta shi ne iyakar abin da za a biya. Ko fitila ce ta fashe, in suka ga ka rage ƙimar mota suna iya rage maka kuɗin gyara daidai da yadda ka rage."

"Rubuta dai."

"To akwai ɗan ƙari kaɗan da za a sa, na direba, in ya ji rauni a bakin aiki a biya masa magani."

"Baba shekara nawa yana tuƙi ko kaza bai taɓa takawa ba? Allah ne ke tsarewa."

Aka rubuta miliyan ɗaya, Alhaji ya biya dubu hamsin, ya sa hannu da alƙalaminsa mai ruwan zinariya. A daren nan a majalisa ya ba da labarin yadda ya yi wa motar inshora "irin ta Turawa", ya ƙara da cewa mutumin Abuja ya sake bugo waya.

Tun kafin azumi Baba ke cewa tiyon mai da ke shiga kafireto ya bushe ya fara tsagewa, kuma tukunyar kashe gobarar da ke but ta daɗe da ƙarewa. Gaba ɗaya kuɗin bai kai na naman da ake ci a majalisa dare guda ba. Kullum amsar ɗaya ce: "Baba, a lallaɓa zuwa bayan Sallah."

Da ƙaramar Sallah, ana tsakiyar zafin bazara, Alhaji ya ce a fito da Fijo za shi Zariya gaida dangi, don a ga gado. A cunkoson Kawo injin ya ɗau zafi, tiyon ya buɗe, fetur ya riƙa ɗiga a kan ƙarfe mai zafi. Hayaƙi ya fara fitowa ta gefen bonet. Alhaji ya tattare babbar riga ya tsallaka titi. Baba ya ɗaga bonet da hannu, wuta ta samu iska ta tashi. Ya cire rigarsa ta Sallah yana dukanta, 'yan acaɓa na watsa ƙasa, har sai da mutane suka janye shi da ƙarfi. Kafin motar kwana-kwana ta ratso cunkoson, abin da ya rage ƙarfe ne baƙi a kan rim huɗu.

Bayan kwana biyu Alhaji ya isa ofishin kamfanin da shirinsa, ya cika takardar neman diyya, a gurbin kuɗi ya rubuta miliyan ashirin. Ya kawo tarihin gasar Safari, ya kawo maganar mutumin Abuja. Jami'in ya saurare shi har ya gama, ya yi masa jaje, sannan ya buɗe fayil ya juyo masa da takarda.

"Ranka ya daɗe, wannan sa hannun naka ne?"

Nasa ne. Aka biya shi abin da ya rage a miliyan ɗaya, bayan an cire kason da yarjejeniya ta ce mai mota ke ɗauka da kansa. Da ya ce a bar masa gangar jikin ko don tunawa da mahaifinsa, aka nuna masa layin da ya ce in an biya diyyar mota gaba ɗaya, ragowarta ta zama ta kamfani, sai dai in zai saya. Baki shi ke yanka wuya.

Baba ya yi makonni hannuwansa a naɗe. Ɗan ƙanwar Alhaji ne da wani tsohon tela na majalisar suka haɗa kuɗin asibiti. Alhaji ya je dubiya sau ɗaya da ledar lemo, ya yi addu'a mai tsawo, ya tuna wa 'yan ɗakin cewa wannan mutum uba ne a wurinsa.

Ashe a cikin masu zuwa ofishin yaron akwai wani mai tara tsofaffin motoci, yana da Marsandi biyu da Fijo 404 da ba su da mai kula. Yaron ya nuna masa gwangwanin rasit. Mutumin ya zauna ya karanta su tun daga na farko, ya ce a kai shi wurin mai gwangwanin. Da hannuwa suka warke, Baba ya zo ya durƙusa a gaban Alhaji.

"Alhaji Ƙarami, na zo sallama. Motar da aka bar mini amana ta tafi. An ba ni aiki, da ɗaki, da albashi ninki uku, da katin asibiti. A yafe mini."

A daren nan majalisa ta ji abin da ba ta taɓa ji ba. Alhaji ya fara da kamfanonin inshora, ya ce duk ɓarayi ne da biro. Ya gangaro kan ɗan ƙanwarsa da ya ci amanar zumunci. Ya ƙare da Baba: mutumin da ya ɗauka uba, wanda ba zai musanya da dukiyar duniya ba, yau ya bi kuɗi ya tafi. Ya ce zamani ya lalace, mutane ba su san darajar abu ba.

Tsohon telan nan, wanda bai cika magana ba, ya ajiye kofin shayinsa.

"Alhaji, ni ban yi boko ba, a taimaka mini. Su kamfanin, wa ya faɗa musu motar miliyan ɗaya ce?"

Alhaji ya ce wannan maganar takarda ce, kowa ya san ainihin darajarta.

"To na gane. Shi kuma Baba, da ka ce ba shi da farashi, a ƙarshen wata nawa kake rubuta shi?"

Wani ya ce dare ya yi. Aka naɗe tabarma.

Labarin mota ne wannan, kuma ba kowa ke da Fijo a gareji ba. Bai shafi malamin Islamiyyar da ake kira "hasken unguwa" alhali yana bin bashin albashin wata huɗu ba. Bai shafi mai gadin da ya shekara ashirin a ƙofa da tocila ba batir ba, balle uwargidan da ake yabo a taron biki a hana ta kuɗin magani a gida, ko gwaggon da ke ɗakin baya wadda ake cewa albarkarta ake ci. Wanda zai yi wa tsohuwar motarsa inshora ya kira injiniya, ya fito da rasit, ya rubuta kuɗin da yake faɗa a gaban mutane, ya biya abin da ya hau kansa. Wanda kuma ba shi da mota amma ya ji labarin ya tsaya masa a wuya, to mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.