'Yan Kallon Tseren Ƙarshe

Gidan kallo a Birnin Kudu na ƙwallo ne. Tseren motoci na Formula 1 baƙo ne, sai mai gida ya ga dama yake bar masa talabijin ɗin kusurwa, wadda hotonta ke rawa. Amma ranar Lahadi 12 ga Disamba 2021 baƙon ya samu jama'a, domin Lewis Hamilton da Max Verstappen sun iso tseren ƙarshe na shekara a Abu Dhabi maki kunnen doki, 369.5 kowannensu. Ƙarfe 2 na rana agogonmu aka tashi. Matsalar kawai, a bencin nan kowa da sana'arsa ya zo, kuma da ita yake auna abin da yake gani.

A gaba akwai direban Sharon mai jigilar Kano. Shi bai ga abin mamaki ba. Titi sumul, ba rami, ba shanu, ba shingen bincike, ba tirelar da ta kwana a tsakiyar hanya ba fitila. "A ba shi fasinja tara da buhun gero a but, ya bi ta Wudil ranar Juma'a, sannan ku zo ku ce min direba ne." Abin da ya fi ci masa rai shi ne kujerar. Mota ta sha kusan kilo 110 na mai, amma mutum ɗaya take ɗauka, shi ma bai biya ba, biyansa ma ake yi.

Kusa da shi mai faci. Wannan bawan Allah ba ruwansa da wanda ke gaba, jira yake mota ta shiga canjin taya. Mutum wajen ashirin su rufar mata, tayoyi huɗu su fita, huɗu su shiga, cikin daƙiƙa biyu da 'yan kai. Da aka gaya masa ma'aikatan Red Bull ta su Verstappen sun taɓa yi a daƙiƙa 1.82 a Brazil a 2019, sai ya cire hula ya sosa ƙeya, ya tuna yaransa biyu da ke cinye rabin yini kan taya ɗaya, jak ɗin ma na aro. Daga nan tambayarsa ɗaya ce har aka tashi: tayoyin da ake cirewa, ina ake kai su, kuma wa ke da lambar dillalin?

Mai jiran haɗari ba ya magana. Yana cin gyaɗa, yana hamma, in mota ta ɗan goga bango ya miƙe, in ba ta wuntsila ba ya ja tsaki ya zauna.

Sai masoyin Hamilton. Bai san sunan kwana ko ɗaya ba, bai damu ya sani ba. Hamilton baƙar fata ne, ɗan Arsenal ne, magana ta ƙare. "Namu ne." Kakannin Hamilton na wajen uba daga tsibirin Grenada suke, amma yadda yake faɗin "namu" sai ka rantse a Bamaina aka yi masa suna. Yana da lissafi ɗaya a baki: kambu bakwai, daidai da Michael Schumacher, yau za a cike na takwas. Kuma har zagaye na 52 gaskiya na wajensa, don Hamilton na gaba da tazarar sama da daƙiƙa goma.

Ƙarfe 3 ɗan ƙwallo ya shigo, ya tsaya a bayan mutane yana huci. Leicester ta su Ndidi da Iheanacho za ta kara da Newcastle, su kuma waɗannan sun tare talabijin suna kallon kewaye. Rimot yake nema, ba zaman lafiya ba.

A zagaye na 53 Nicholas Latifi ya ɗirka wa bango motarsa. Mai gyaɗa ya yi tsalle, kuɗinsa sun fito. Aka sako motar kiyaye haɗari, kowa ya rage gudu ya bi bayanta, tazarar nan ta narke. Verstappen ya shiga ya sa sababbin tayoyi masu laushi, Hamilton ya zauna da tsofaffin da ya sa tun zagaye na 14. Shugaban tseren, Michael Masi, ya fara cewa motocin da aka yi wa zagaye su tsaya inda suke, can kuma ya ce biyar ɗin da ke tsakanin mutanen biyu su wuce, sauran su haƙura. Saura zagaye ɗaya ya buɗe hanya. Verstappen ya sha gaban Hamilton a kwana ta biyar.

A nan ne ɗan siyasar da ya zo daga Gwaram, wanda tun ɗazu yake gyangyaɗi cikin babbar riga, ya wartsake, don an zo fagensa. "Wannan ai mun san shi! An canza doka ana tsakiyar ƙirga. Baturen zaɓe ne ya yi aiki." Ya karanta abin da zai biyo baya tiryan-tiryan: za a kai ƙara, za a kore ta, za a ce za a ɗaukaka, daga baya a janye don zaman lafiya, sannan a sauya wa baturen zaɓe wurin aiki, wanda aka rantsar kuma ya rantsu. Abin haushi, duk haka aka yi. Mercedes ta su Hamilton ta yi ƙorafi a daren aka yi watsi da shi, ta fasa ɗaukaka ƙara, aka cire Masi a Fabrairun 2022, kambun 2021 ya tabbata a hannun Verstappen.

Baba mai goro, da ya leƙo neman ciniki, ya daɗe a bakin ƙofa kafin ya taɓa kafaɗar direban Sharon.

"Ɗana, wai ina za su ne?"

"Ba inda za su, Baba. Zagaye 58 ne, kilomita 306."

"Ya kai Kano?"

"Ya fi zuwa da dawowa."

"To da suka isa, me suka sauke?"

Direba ya buɗe baki zai amsa, ɗan ƙwallo ya fizge rimot.