Ambaliyar Sharaɗa

Sabon kolom aka kawo mana ɗakin gwaji a Sharaɗa, ga ɗalibai masu sanin makamar aiki sun kewaye na'urar HPLC, sai bakina ya buɗe. Na ɗaga tsohon noti na nuna musu. Zoben ƙarfen nan da ke tare da shi, da zarar sifana ta matse shi ya ciji bututu, nan zai zauna har abada. Kuma kowane kamfani da zurfin ramin kolom ɗinsa, ko da zaren notin ɗaya ne, 10-32. Idan bakin bututu bai kai ƙasa ba, ya bar ɗan fili inda sinadarai ke sake cakuɗewa, tsinin farasitamol ya fito a allo yana jan jela. In ya yi tsawo kuma, yoyo. Don haka, in ji ni, mai hankali notin PEEK yake ɗauka, wanda ake murzawa da hannu, yana riƙe matsin wajen bar 350. Na zura bututun ƙarfe, na murza da yatsu biyu, idona na kan masu sauraro.

Metanol da ruwa rabi da rabi da famfon na'urar ke turowa kauri gare su. Matsi ya fara hawa: 180, 240, 290. Na sunkuya, na kai hancina dab da mahaɗar, in nuna musu ko ɗigo babu.

Fit!

Wallahi iyakar ƙarar ke nan. Bututun ya suɓuce, ɗan ruwa mai sanyi ya sami tabarauna, ragowar ya sauka a gemu. Abin da ya fito daga bakina kuwa, salati ne ya haɗu da ihu a hanya, ba wanda ya kai ƙarshe. Na yi baya, ƙafata ta faɗa kwandon shara, na zauna daɓas. Famfon nan fa mililita 1 yake turowa a minti. Sai ya yi minti 5 kafin ya cika cokalin shayi. Ni ko na kwarara kururuwa kamar madatsar Tiga ce ta ɓalle. Lambar matsi ta faɗo sifili, na'ura na ta tsuwa, takalmina ɗaya a kwando, wata ɗaliba kuma ta duƙufa tana rubutu a littafinta. Me take rubutawa?

Sai ga Baba mai shara, maƙwabcina a Ɗorayi, da bokiti da tsumma, a guje. Ya duba ƙasa, ya leƙa ƙarƙashin tebur.

"Injiniya, ina ruwan?"

Na nuna gemuna.

Ya ɗauki bututun ya jujjuya. "Ɗana, ai dole ya yi fushi. Wa yake jan ruwa da allura? Ka je Ƙofar Ruwa ka samo rabin inci, ka naɗa masa farin tef, ka bi da gam."

Na ce Baba, kaurinsa 1/16 na inci ne, kuma ba zaren noti ke tare ruwa ba, zoben ne ke zama a cikin rami. Tef ba shi da aiki a nan. Ya saurara da kyau, yana gyaɗa kai.

"To a ƙara tef ɗin."

Washegari da safe ina tsaye a titi ina jiran adaidaita, ya ɓullo daga lungu yana kaɗa doguwar robar tayar keke, yana ƙwala mini kira a gaban masu shayi: "Injiniya! Ga maganin ambaliyar jiya!"