Na Tsaya a Ɗaya

Yayan matata ne ya ga wata BMW M3 ƙirar 1997 a wani filin sayar da tokumbo a Kano, ya kira ni, don a dangi ni ake yi wa kallon masanin mota. Ban taɓa mallakar abin da ya wuce tsohuwar Golf ba, amma tarihin injin M3 yana kaina tsaf. Tun a waya na zazzage masa karatu. Na ce, "Yaya, a wannan motar shekara ake saye. Samfurin da ake kira E36 ya fito a 1992 da inji mai lita 3, silinda shida a jere, ƙarfin doki 286. A 1995 suka faɗaɗa shi zuwa lita 3.2, ƙarfi ya hau 321, giya ta zama shida. Tunda taka 1997 ce, babbar ce. Kada ka bari ta kwana." Bai bari ba. Kafin in iso har ya ba da kafin alƙalami.

Na tarar da jama'a a tsaye: dillalai, makanike da yaransa, da masu zaman benci waɗanda ba su da aiki sai kallon cinikin wasu. Na naɗe hannun riga. Na bayyana musu cewa sirrin babban injin yana wajen shan iska. Motar kowa da kowa maƙogwaro ɗaya gare ta, wanda makanikai ke cewa turotul, duk silindoji su yi tarayya a kansa. Ita kuwa wannan kowace silinda da nata, shida reras, shi ya sa kana taɓa totur take amsawa. Na ce a buɗe bonet in ƙirga musu.

Aka buɗe. Ga rubutun M Power ɓaro-ɓaro a kan murfin inji. Na sunkuya, na miƙa ɗan yatsa, na ɗaga murya yadda na can baya ma za su ji.

"Ɗaya."

Yatsan ya matsa gaba don ya sauka a kan na biyu. Ba na biyu. Baƙar roba ce kawai shimfiɗe, irin ta kowace 'yar BMW da ake kai yara makaranta da ita. Bakina kuwa ya riga ya haɗa leɓɓa zai ce "biyu". Na yi gaba da yatsa, na dawo baya, na leƙa ƙasa, na sake nuna wancan na farkon da fatan ba wanda ya lura shi na ƙirga ɗazu. Wani daga baya, Allah ya saka masa, ya ce, "Wannan ai shi ne ɗayan." Na tsaya sunkuye kamar liman da aya ta ƙwace masa a sallar asuba, yana jiran wani a sahu ya ja masa baki. Ina jin gumi yana bin bayana. Ina jin ƙarar cokali a kofin mai shayi a tsallaken titi. Har yanzu in na rufe ido yatsan nan nake gani, yana shawagi a kan roba.

Wanda ya ja min bakin wani yaron gareji ne da bai fara gemu ba, sifana a aljihun baya. Ya ce, "Oga, 'yar Amurka ce."

Shi ke nan. Kamfanin ya ga injin Turai zai yi wa kasuwar Amurka tsada, sai ya haɗa musu wani mai sauƙin kuɗi daga injin motocinsa na yau da kullum. Ta 1995 mai lita 3, doki 240. Daga 1996 zuwa 1999 injin S52 mai lita 3.2, shi ma doki 240, sai dai ɗan ƙarin ƙarfin ja. Wato duk wa'azin da na yi kan bambancin shekaru bai shafi wannan motar ba ko kaɗan. Yaron ya buɗe ƙofa ya nuna min mitar gudu, mil take ƙirgawa. Ya nuna kan giya, lambobi sun ƙare a 5. Wannan kan giyar na riƙe ɗazu ina lissafa falalar giya ta shida.

Yaya ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Ya ce, "To Malam, sauran biyar ɗin sai an biya cikon kuɗi ake sakawa?"

A nan ne wani dattijo ya taso daga benci, tsohon direban haya, ya ture yaron ya leƙa inji da hannu a baya. Ya daɗe yana gyaɗa kai. Ya ce matsalar ba ta da girma. Da farko a cire indomin salansa, motar za ta riƙa ruri, duk wanda ya ji zai rantse maƙogwaro goma gare ta. Na biyu a riƙa shan mai da sassafe, lokacin yana da kauri. Yaron ya ce, "Baba, ai ba nan abin yake ba." Dattijo ya ce, "Yi min shiru, ina tuƙa Fijo 504 daga Kano zuwa Maiduguri ba a haifi ubanka ba." Ya juyo gare ni ya rage murya, irin ta mai ba da sirri. Ya ce in har shida nake so, a Ƙofar Ruwa akwai kafireton Fijo birjik, a sayo biyar a ɗaure su da waya a jere. Ba sai an jona su da komai ba, tunda ƙirgawa kawai nake yi.

Na ce, "Na gode, Baba." Ya ce ba komai, kuma nan gaba in zan ƙirga abu a gaban mutane in fara ƙirgawa a zuci.

Yaya ya sayi motar, don dillali ya ce kafin alƙalami ba ya dawowa. Da yamma matata ta shigo da waya a hannu, ta ce 'yan gidansu suna tambaya ko ina da lokaci ranar Asabar, Hajiya za ta sayi injin markaɗe.